Amsar tambaya: yaya ake tace yuraniyom da wutar lantarki a cikin narkakken gishiri?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin kimiyyar sinadarai ne ina aji uku a jami'a, a wata lacca malaminmu ya ambata a gurguje cewa wai ana iya ɗauko makamashin nukiliya da aka gama amfani dashi a zuba cikin gishirin da aka narka, a jona wuta, sai yuraniyom ɗin ya fito shi kaɗai a sake amfani dashi. Bai tsaya yayi bayani ba. Dan Allah yaya abin yake aiki, me yasa sai gishiri ba ruwa ba, kuma in har gaskiya ne me yasa har yanzu duniya take ta kuka da sharar nukiliya tunda ga maganinta?"

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya bada sa'ar karatu. Abinda malaminku ya faɗa gaskiya ne, anayi kuma ba yau aka fara ba, sai dai ya gutsuro maka ne ya bar sauran. In na fahimce ka abu uku kake nema, yadda wuta take ware yuraniyom daga sauran tarkacen, da dalilin da yasa sai gishiri, sai na ƙarshen wanda shine mai nauyin, wato in dai hanyar tana aiki meye ya hana ta share matsalar sharar gaba ɗaya. Ni aikina a ɗakin gwaji ne kan narkakken gishiri da lantarki, to zan haɗa maka abinda ke cikin littafi da abinda hannuna ya taɓa.

Me ke cikin makamashin da aka cire

Mafi yawan tashoshin nukiliya na duniya ruwa ne ke sanyaya su, makamashinsu kuma wasu ƴan ƙananan ƙwayoyi ne na yuraniyom oksaid da ake jerawa cikin dogayen bututai sirara na ƙarfen zakoniyom. Yuraniyom ɗin da ake haƙowa daga ƙasa kashi 0.7 cikin 100 ne kacal yake U-235, wanda shine mai saurin tsagewa ya bada zafi, sauran kusan duka U-238 ne, shi yasa ake ƙara yawan U-235 ɗin ya kai kashi 3 zuwa 5 kafin a saka a tukunyar nukiliya, wato inda ake tsaga shi ya bada zafi. Bayan kamar shekara huɗu ko biyar sai a cire, kuma ba dan ya ƙare ake cirewa ba, U-235 ɗin ne yayi ƙasa sannan ɓaraguzan tsagewar sun taru suna shanye niyutiron ɗin da ya kamata ya cigaba da aiki, wato ƴan ƙwayoyin da ke dukan yuraniyom su tsaga shi. In ka auna abinda aka cire zaka samu wajen kashi 95 har yanzu yuraniyom ne, wajen kashi 1 fulutoniyom ne da ya samu a cikin tukunyar daga U-238, ɗan mitsitsi kamar kashi 0.1 su neftuniyom da amerisiyom da kuriyom, sai kashi 3 zuwa 4 su ne ainihin ɓaraguzan, su siziyom da sitirontiyom da ayodin da ƴan uwansu. Kamar itacen da aka zaro daga wuta ne bakinsa kawai ya ci.

Wannan rabon ka riƙe shi da kyau dan duk hikimar a nan take. Siziyom-137 da sitirontiyom-90, su ne masu zafin gaske a farko, amma duk bayan wajen shekara 30 rabinsu ke lalacewa, kaga a shekara 300 abinda zai saura bai wuce ɗaya cikin dubu ba. Shi kuwa fulutoniyom-239 sai shekara 24,100 rabinsa ke tafiya, neftuniyom-237 ya haura shekara miliyan 2. To sai masana suka ce in aka zare masu nauyin nan, wato fulutoniyom da su neftuniyom, aka maida su tukunya suka ƙone, abinda za'a binne zai ragu kuma mafi yawan haɗarinsa zai gushe da wuri.

Hanyar da aka daɗe ana bi wajen raba su ta ruwa ce, sunanta PUREX, a Amurka aka fito da ita a ƙarshen shekarun 1940 kuma maganar gaskiya dan samun fulutoniyom na makami aka yi ta. Ana yanka bututan, a narkar da makamashin cikin asid ɗin naitirik mai zafi, a kaɗa da wani sinadari da ake kira TBP wanda aka sirka da kananzir, yuraniyom da fulutoniyom su koma cikin man sauran su tsaya cikin asid. Da ita Faransa ke aiki a La Hague har gobe, Rasha ma haka a Mayak, Ingila tayi a Sellafield har ta rufe na ƙarshe a 2022. Tana aiki sosai kuma tana fitar da kaya tas, amma tsarkin nan nata shine abin tsoronta tunda fulutoniyom yana iya fitowa shi kaɗai.

To me yasa gishiri

Dalilin farko kai ma ka san shi daga ajin lantarkin sinadarai ko da baka taɓa haɗa shi da nukiliya ba. In ka narkar da sinadarin yuraniyom a ruwa ka jona wuta, ƙarfen yuraniyom ba zai taru a katod ba, wato sandar da ke miƙa elektiron, ruwan ne zai riga shi karɓar elektiron ya fashe ya baka iskar haidurojin. Haka alminiyom yake, haka sodiyom, haka magniziyom, duk ƙarfen da ya fi son zama ayon, wato ƙwaya mai cajin lantarki, baka samun sa daga ruwa. Shi yasa Humphry Davy a 1807 sai da ya narka sinadaran kansu babu ruwa sannan ya samu fotasiyom da sodiyom, kuma shi yasa Hall a Amurka da Héroult a Faransa a 1886 suka narkar da alumina cikin kirayolayit mai zafin wajen digiri 950 a ma'aunin Selsiyos, hanyar da har yau da ita ake fitar da sabon alminiyom a duk duniya. Ruwa a lissafi da bolt 1.23 ya fara fashewa, shi kuwa gishirin da muke magana sai ka wuce bolt 3 da rabi kafin ya fashe, kaga kana da fili isasshe da zaka sauke yuraniyom a matsayin ƙarfe gishirin bai ko motsa ba.

Na biyu shine tururin nukiliya, wato hasken nan marar ganuwa mai cutarwa da makamashin ke fitarwa. TBP da kananzir ƙwayoyi ne masu mahaɗa, tururin yana yanka su ya lalata su, shi yasa a PUREX sai an bar makamashin ya huce na shekaru kafin a taɓa shi. Narkakken gishiri kuwa ayon ne zalla suna yawo, babu wata doguwar sarƙa da za'a tsinka, dan haka yana ɗaukar makamashin da bai daɗe da fitowa ba. Na uku kuma haidurojin ɗin da ke cikin ruwa yana rage gudun niyutiron, niyutiron mai tafiya a hankali kuma shine ya fi iya tada tsagewa, wato a cikin ruwa ɗan kaya kaɗan ma na iya kama wutar tsagewa da kansa bisa kuskure. In babu ruwa tazarar ta fi faɗi, kodayake har a nan ma ana ƙayyade nauyin abinda za'a saka a kowace tukunya da tsananin kula.

Gishirin kansa ba wanda ka sani bane, sodiyom kulorayid sai digiri 801 yake narkewa, yayi zafi da yawa. Ana haɗa litiyom kulorayid da fotasiyom kulorayid, kowannensu shi kaɗai sai ya haura digiri 600 kafin ya narke, na fotasiyom ma har 770, amma in ka gauraya su a ma'aunin da ya dace sai haɗin ya narke tun a wajen digiri 352, ana kuma yin aikin a wajen 500. In ya narke garau yake kana hangen gindin tukunya, yana kwarara ba kauri, amma da zarar yuraniyom kulorayid ya shiga sai ya rine ya koma shunayya mai duhu. Ni dai har yanzu wannan launin yana burge ni duk sanda na gani.

Yadda aikin yake tafiya

Waɗanda suka raini wannan hanya su ne masanan ɗakin binciken Argonne na Amurka, da tukunyarsu ta gwaji EBR-II a jihar Idaho wadda tayi aiki daga 1964 zuwa 1994. Ita wannan tukunyar narkakken sodiyom ke sanyaya ta, niyutiron ɗinta masu gudu ne, kuma makamashinta ƙarfe ne, a shekarunta na baya yuraniyom ne da aka gauraya da zakoniyom kashi 10. Daga 1984 suka fara wani shiri na haɗa tukunya da wurin tace makamashi a harabar guda dan kada kayan ya riƙa yawo a hanya, gwamnati ta soke shirin a 1994, amma daga 1996 aka cigaba da amfani da na'urar tacewar wajen sarrafa makamashin da EBR-II ɗin ta bari, saboda akwai sodiyom a cikin bututansa kuma sodiyom in ya haɗu da ruwa wuta yake kamawa, ba yadda za'ayi a binne shi a haka.

Ga yadda akeyi. Ana yanyanka sandunan makamashin gutsi-gutsi, a nan iskokin da ke ciki irin su zinon da kiripton ke fita a kama su. Sai a zuba gutsattsarin cikin kwandon ƙarfe mai huji-huji a tsoma cikin gishirin, wannan kwandon shine anod. A gefe kuma a tsoma sandar ƙarfe, ita ce katod. Tun farko an riga an sa yuraniyom kulorayid kaɗan cikin gishirin dan ya zama akwai ayon ɗin da zai fara ɗaukar kaya. Da an jona wuta, kowace ƙwayar yuraniyom a kwando sai ta saki elektiron uku ta shiga gishiri a matsayin ayon, a can katod kuma wani ayon ɗin ya karɓi uku ya manne a matsayin ƙarfe. In ka taɓa karanta yadda ake tace jan ƙarfe da lantarki to dabarar ɗaya ce. Ƙarfin wutar ma ba wani mai yawa bane, wajen bolt ɗaya ko ƙasa da haka, yawan amfiya ne ke jan aikin, kuma zaka iya lissafawa da kanka da dokar Faraday, kilo ɗaya na yuraniyom kusan mol 4.2 ne, ka ninka da 3 ka ninka da 96,485, zai baka kulom miliyan 1.2 da ɗan kai, wato wajen amfiya 338 na tsawon awa ɗaya, in babu asara kenan, kuma asara bata taɓa rasuwa.

To ina sauran tarkacen suke zuwa, nan ne daɗin abin yake. Ƙarafan da ke cikin makamashin sun kasu uku gwargwadon yadda kulorayid ɗin kowanne yake da ƙarfin zama. Akwai masu tsananin son zama kulorayid, su siziyom, sitirontiyom, bariyom, sodiyom ɗin bututu, da dangin lantanom irin su neyodimiyom da seriyom, waɗannan da sun taɓa gishiri suke shiga kuma kusan basa fitowa, suna nan a narke. Akwai waɗanda sam basa son zama kulorayid, su molibdinom, ruteniyom, faladiyom, tekniciyom, da shi kansa bututun ƙarfen, waɗannan suna zaune a kwando basa motsi. Sai ƴan tsakiya, yuraniyom da fulutoniyom da ƴan uwansu masu nauyi, su kaɗai wuta ke iya ɗauka daga wannan gefe ta sauke a wancan. A cikin ƴan tsakiyar ma yuraniyom ne ya fi sauƙin sauka, shi yasa a kan sandar ƙarfe shi kaɗai ke taruwa, ko da fulutoniyom ya kuskura ya sauka sai yuraniyom kulorayid ɗin cikin gishiri ya karɓe masa elektiron ya maida shi ciki. Zakoniyom shine ɗan bakin iyaka mai bada ciwon kai, in ka matsa wuta dan ka kwashe yuraniyom ɗin ƙarshe daga kwando sai shima ya fara narkewa ya biyo.

Kaga kenan fulutoniyom yana ta taruwa a gishiri, dole wata rana a fitar dashi. Sai a canja katod a saka ƴar tukunya mai narkakken kadmiyom, shi kadmiyom yana rungumar fulutoniyom su haɗu su zama gami, wannan rungumar ita ke sauƙaƙa masa sauka har ya zo kusan daidai da yuraniyom. Amma ba shi kaɗai yake shiga ba, yuraniyom na shiga, neftuniyom da amerisiyom da kuriyom na shiga, har da ɗan dangin lantanom. Wato abinda zaka samu gauraye ne mai ƙazanta mai tururi, wanda hannu baya iya kusantarsa, kuma masu goyon bayan hanyar wannan ƙazantar suke alfahari da ita.

Yuraniyom ɗin da ya taru a sanda ba sumul yake ba, rassa-rassa yake fitowa masu tsini, gishiri ya maƙale a tsakaninsu. Sai a kankare a kai wata tanda marar iska a ɗaga zafi har gishirin ya tashi tururi a tare shi a gefe, a cigaba da ɗagawa har a wuce digiri 1,132 inda yuraniyom ke narkewa, ya dunƙule ya zama curi. Daga nan a haɗa da zakoniyom da abinda aka samu daga kadmiyom a zuba sabbin sanduna.

In makamashin oksaid ne fa

Duk bayanin nan na makamashin ƙarfe ne, alhali tulin da ke jibge a duniya kusan duk oksaid ne, oksaid kuma ba zaka sa shi a anod haka nan ya narke ba. Sai an ƙara mataki a gaba. Ana saka garin oksaid ɗin a kwando a maida shi katod a wannan karon, cikin litiyom kulorayid da ɗan litiyom oksaid a digiri 650, wuta ta zare iskar oksijin daga jikinsa ta kai anod ta fita, a bar ƙarfe a kwando. Dabarar ƴar uwar wadda Fray da Farthing da Chen suka fito da ita ce a Cambridge a ƙarshen shekarun 1990 dan fitar da taitaniyom. Matsalar a anod take, yawanci filatinom ake sawa, ga tsada ga shi gishirin yana cin sa a hankali, neman abinda zai maye shi har yanzu ana kai. Koriya ta Kudu ce ta fi kowa zuba ƙarfi a nan, cibiyarta KAERI a Daejeon ta gina wurin gwaji mai suna PRIDE, kuma sun yi nazarin haɗin gwiwa na shekara 10 da Amurka daga 2011. Rashawa kuma a Dimitrovgrad tasu hanyar daban ce, suna sauke oksaid ɗin kai tsaye a katod ba sai sun maida shi ƙarfe ba. Japan da Indiya suma suna da nasu binciken.

Kada ka rikita wannan da tukunyar nukiliya mai narkakken gishiri, irin wadda akayi gwajinta a Oak Ridge daga 1965 zuwa 1969, a can makamashin ne a narke cikin gishirin fulorayid yana aiki yana bada zafi, mu kuwa nan tacewa kawai muke.

Abinda hannu ke gani

A takarda abin gwanin sha'awa, a ɗakin gwaji kuwa mafi yawan lokacinka zai tafi ne wajen yaƙi da danshi. Litiyom kulorayid mayen ruwa ne, in ka bar shi a fili ɗan lokaci kaɗan zai jiƙe da kansa daga iska. Shi yasa komai a cikin rufaffen akwati mai safar hannu muke yi wanda aka cika da iskar agon, kuma kafin a narka gishiri sai an busar dashi a hankali a tanda marar iska. In ɗan ruwa ko oksijin ya samu shiga, yuraniyom ɗin da ke narke sai ya koma oksaid ya kwanta a gindin tukunya kamar baƙin laka, sannan gishirin ya fara cin ƙarfen tukunyar, ka duba ma'auninka kaga lambobin sun kauce baka san daga ina ba. Sandar da muke gwada ƙarfin wuta da ita, wadda ake yi da azurfa da azurfa kulorayid, ita ma tana zamewa a hankali in aiki yayi tsawo, kuma tunda tazarar da ke tsakanin wasu ƙarafan nan ƴar kaɗan ce, ƙaramar zamewa ta isa ta ruɗe ka. Rassan nan da na faɗa maka in suka yi tsawo suna iya miƙewa su taɓa kwandon anod wuta ta haɗe, ko su karye su faɗa ƙasa. Tururin gishiri kuma yana tashi ya daskare a duk inda yafi sanyi ya toshe bututu ya liƙe murfi.

Iyakata kuma in faɗa maka ita, ni da ƴan giram nake aiki, yawanci ma da seriyom ko gadoliniyom a madadin masu tururin, wani lokaci da yuraniyom wanda aka rage wa U-235. Ban taɓa sarrafa makamashin da ya fito daga tukunya ba. Masu yin wannan suna tsaye ne a bayan katangar kankare da kaurinta ya haura mita ɗaya suna leƙe ta gilashi mai dalma, suna aiki da hannayen inji, kusoshin da ni zan kwance a minti biyu su sai ya ci musu yini. Duk abinda na faɗa kan wannan matakin daga rahotanninsu ne da kuma hirar da nayi da waɗanda suka yi.

Me yasa sharar bata ƙare ba

Abu na farko, gishirin da kansa yana zama shara. Duk siziyom da sitirontiyom ɗin nan da suka shiga basu ɓace ba, suna taruwa suna ƙara zafi suna canja halin gishirin har ya kai dole a cire shi ko a tace shi. Gishiri kuma ruwa na narkar dashi, ba zaka binne shi a haka ba, sannan gilashin da ake zuba sharar PUREX a ciki baya karɓar kulorayid sosai. Abinda Argonne suka yi shine su tsotse gishirin cikin ziyolayit, wani ma'adini mai ƙananan ƙofofi, su haɗa da garin gilashi su gasa a sama da digiri 900 ya zama dutse irin sodalayit, abinda ya rage a kwando kuma a narka shi da zakoniyom ya zama curin ƙarfe. Dukansu biyun sai an binne su a ƙarƙashin ƙasa mai zurfi, dan akwai irin su tekniciyom-99 da ayodin-129 da suke daɗewa ɗaruruwan dubbai har miliyoyin shekaru, kuma babu tacewar da take kwashe masu nauyin ɗari bisa ɗari. Wato rami irin na Onkalo da Finland ta haƙa ana buƙatarsa ko da wannan hanyar ko babu ita, abinda zai canja shine girmansa da yawan zafin da zai ɗauka.

Na biyu, kuma a ganina shine babba, gaurayen da ka fitar daga kadmiyom tukunya mai niyutiron masu gudu ce kawai ke iya ƙona shi yadda ya kamata, irin waɗannan tukwane kuwa a duniya ƴan ƙalilan ne. Rasha na da BN-600 da BN-800 a Beloyarsk, Faransa ta rufe Superphénix tun ƙarshen shekarun 1990, Japan ta yanke shawarar rufe Monju a 2016. In ka tace baka da inda zaka ƙona, ka kashe kuɗi ne ka raba shara ɗaya gida uku. Ga kuma sabon yuraniyom daga ma'adinai har yanzu ya fi arha a kan wanda aka tace, kamfanin lantarki kuma lissafin aljihunsa yake bi.

Na uku shine girma. Hanyar kwando-kwando take tafiya, ka loda ka jira ka kankare ka sake lodawa, ita kuwa PUREX ruwa ne ke gudana a bututu ba tsayawa, La Hague tana iya sarrafa sama da tan dubu a shekara. A Idaho makamashin EBR-II da bai wuce tan ashirin da wani abu ba an shafe sama da shekara 25 ba'a gama dashi ba, kodayake ƙarancin kuɗin da ake warewa na daga cikin dalili, ba laifin na'urar kaɗai bane.

Sai siyasa. Gaskiya ne hanyar bata fitar da fulutoniyom tsantsa, amma wani nazari da ɗakunan binciken gwamnatin Amurka suka yi a 2009 ya nuna cewa kariyar da wannan ƙazantar ke bayarwa ƴar kaɗan ce in ƙasa ce da kanta ta yi niyyar karkatar da kayan, tunda an riga an cire mafi yawan tarkacen. Shi yasa Amurka ta daɗe tana jan ƙafa kan barin Koriya ta Kudu tayi a kan makamashi na gaske a ƙasarta. Akwai kuma matsalar ƙidaya, wadda mu masu auna gishiri ta shafe mu kai tsaye. A PUREX komai na narkewa a tanki ɗaya, ka ɗebi cokali ka auna ka san adadin fulutoniyom ɗin da ya shigo. A nan kuwa babu wannan tankin, wani na kwando wani na gishiri wani ya manne a bango, hukumar kula da makamashin nukiliya ta duniya IAEA kuma kilo 8 na fulutoniyom take ɗauka a matsayin adadin da ɓacewarsa abin tashin hankali ne, in kana sarrafa tan ɗaruruwa ɗan kuskuren awo na kashi 1 ma ya isa ya haɗiye wannan. Shi yasa da yawanmu muke ta ƙoƙarin ƙera sandunan awo da zasu zauna cikin gishirin suna faɗin yawan kowane ƙarfe a kowane lokaci ba sai an ɗebo ba.

Ra'ayina in kana so, ga makamashin ƙarfe na tukunya mai niyutiron masu gudu, a tace a wuri ɗaya a maida a wuri ɗaya, ban ga hanyar da ta kai wannan dacewa ba, dama dan haka aka yi ta. Amma ga tulin oksaid na tashoshin ruwa ban gamsu ba tukuna, matakan sun yi yawa kuma kowane mataki yana zubar da nasa. Wurin da nake sa wa ido yanzu shine Seversk a Rasha inda suke gina tukunyar BREST-OD-300 tare da wurin ƙera makamashi da na tacewa a harabar guda.

Kai kuma tunda kana aji uku ga aikin da zai zaunar maka da abin a kai. Ka nemo teburin makamashin Gibbs na samuwar kulorayid a wajen digiri 500, ka ɗauki na siziyom, sitirontiyom, neyodimiyom, fulutoniyom, yuraniyom, zakoniyom, kadmiyom, baƙin ƙarfe da molibdinom, ka raba kowanne da adadin kulorin ɗin da ke jikinsa ka jera su daga babba zuwa ƙarami, kason nan uku zasu fito maka da kansu. Ka lura da inda zakoniyom ya faɗa, ka kuma lura da yadda fulutoniyom yake kusa da neyodimiyom, sannan ka sa dokar Nernst kaga yadda tazarar ke motsawa in yuraniyom ɗin cikin gishiri yayi ƙasa. In lissafin ya ƙi fita ka turo min in duba maka.